Bireka mai yawan faɗuwa a wani gida a Mabera: abin da anka gwada daga azumi har damina

## Gidan da yadda wayarinsa yake

Ni mai aikin wutar lantarki ne, wanga kuwa labarin wani gida ne da anka kira ni. Gidan wata Hajiya ne a Mabera nan cikin Sakkwato, ɗaki uku da falo da kicin, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da jikoki. Wuta fes ɗaya ke shigowa, daga mita ta bi ta cenjoba saboda janareta, sannan ta shiga akwatin birekoki, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu in an samu matsala. Akwatin na ƙarfe ne, manne a bangon waje ta ɓangaren yamma, wato daga azahar har faɗuwar rana shina cikin rana tsundum babu ko inuwar kirki. Cikin akwatin akwai babbar bireka mai maɓallin gwaji wadda muke kira RCCB, mai miliamf 30, sai ƙanana huɗu. Biyu masu amf 10 na fitilu da fankoki, ɗaya mai amf 20 ita ke riƙe da duk soket ɗin gidan a kan waya mai kauri 2.5, ta huɗun kuma an bar ta haka nan ba a ɗaura mata komai ba.

Lokacin da anka gina gidan wanga tsari ya wadatar, don talabijin ne da firji ɗaya da dutsen guga. Daga baya ne Hajiya ta fara sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, anka yanki zaure anka yi mata ɗan shago, ta sa firiza biyu a ciki. Sai kuma matsalar ruwa ta sa anka haƙa rizaba a tsakar gida anka sa injin jan ruwa mai doki ɗaya shina kai ruwa tankin sama. Shagon da injin duka ta cikin silin anka jawo musu wuta daga layin soket ɗin nan guda ɗaya.

## Maris 2024, farkon azumi

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris bayan sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kuma duk wanda ya san Sakkwato ya san wanga lokaci zafin rana kan haura digiri 40, kasuwar mai ƙanƙara ke nan. Tun makon farko bireka mai amf 20 ta fara faɗuwa. Lokacinta kusan ɗaya ne kullum, bayan la'asar, idan akwai wuta. Ba ta faɗuwa nan take, sai an yi kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin ana aiki sai ka ji ƙas, fitilu da fanka suna nan lafiya amma soket duka sun mutu. In an ɗaga ta nan da nan ko minti uku ba ta ƙarawa ta sake faɗuwa, in kuma an bar ta ta huta sai ta ɗan jima. Da asuba lokacin sahur ba ta taɓa faɗuwa ba.

Abin da ke kunne a wannan lokaci, kamar yadda babban ɗan Hajiya ya lissafa mini daga baya, firizan nan biyu ne da firji, da hita da ake jefawa cikin bokiti a shago don dafa ruwan zoɓo, da bilenda, da butar lantarki a kicin, ga injin ruwa kuma, don da zarar an kawo wuta kowa so yake ya yi nashi kafin a ɗauke, ba wanda zai ce bari in jira.

Abu na farko da mutanen gidan sunka zarga shi ne lo karant. Sunka sayi sitabilaiza sunka ɗaura wa firizan biyu. Bireka ta ci gaba da faɗuwa, wasu ranakun ma ta fi saurin faɗuwa. Sunka canza ekstenshan ɗin shago da sabo, shi ma babu abin da ya sauya.

## Mako na biyu na azumi, an canza bireka

Anka kira wani mai gyara da ke kusa. Ya buɗe akwatin, ya taɓa birekar ya ji ta da zafi, ya ce ta yi rauni ne kuma ta yi wa gidan kaɗan. Ya cire mai amf 20 ya sa mai amf 32. Bai shiga silin ba, bai auna komai ba, aikin bai kai rabin awa ba.

Faɗuwa ta tsaya cak. Hajiya ta ji daɗi, ƙanƙara ta riƙa daskarewa a kan lokaci.

## Goman ƙarshe zuwa bayan sallah

Cikin goman ƙarshe jikar Hajiya ta fara cewa tana jin ƙaurin roba a shago da yamma. An duba ba a ga komai ba, har anka ce ko daga maƙwabta ne ake ƙona shara. Bayan kwana biyu firiza ɗaya ta daina aiki, da anka ja ta daga bango sai ga soket ɗin bayanta ya yi baƙi, fuskarsa ta lanƙwashe, ƙafar fulogin guda ta narke ta manne a ciki sai da filaya anka cire.

Mai gyara na biyu ya zo. Ya yanke bakin wayar da ta ƙone, ya sa sabon soket mai amf 13 da sabon fulogi, ya sa tasta ta kawo wuta, firiza ta tashi. Shi ma iyakarsa ke nan, birekar amf 32 tana nan inda take. An yi sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, ciniki ya ragu, an daina dafa zoɓo da yawa, ƙauri ya ɓace. Daga nan har ƙarshen Mayu gidan shiru.

## Ƙarshen Yuni, bayan saukar ruwa

Da damina ta kankama sai wata sabuwa ta ɓullo. Wannan karon babbar ce ke faɗuwa, gidan duka ya yi duhu har fitilu. Ba ta jiran la'asar, ba ta kuma jiran a kunna kaya, tsakar dare ma tana faɗuwa kowa na barci, musamman daren da anka yi ruwa da iska. Wani lokacin ka ɗaga ta ta ƙi tsayawa sam, tana komawa a hannunka, sai rana ta fito gari ya bushe sannan ta yarda.

Wani maƙwabci ya ba da shawara a tsallake ta, ya ce irin wagga bireka fitina gare ta da damina, shi ma tasa ya cire tuntuni. Anka sa guntun waya anka haɗa samanta da ƙasanta. Wuta ta zauna. Ba a yi mako guda ba, da safe bayan an kwana ana ruwa, jikar nan 'yar kimanin shekara tara ta shiga shago ba takalmi ƙasa a jiƙe, ta kama murfin firiza wuta ta ja ta ta yar. Allah ya kiyaye, hannunta ne ya yi tsami kwana biyu, amma daga ranar Hajiya ta ce a kashe wutar shagon gaba ɗaya. Nan ne ɗanta ya neme ni.

## Tsakiyar Yuli, bincike

Kafin in taɓa komai zama na yi da Hajiya a tsakar gida. Ta ce, “Ɗana, ni dai ban san mi ad damuwar wagga wuta ba. Mutum biyu sunka zo sunka tahi, kowa ya ce ya gyara.” Na ce, “Inna, wace ce ke faɗuwa, babbar ko ƙaramar?” Ta ce, “Da azumi ƙaramar ka hwaɗuwa, yanzu ko babbar ta.” Duk tarihin da na kawo a sama daga wannan zama da ita da ɗanta na same shi, kuma shi ya nuna mini inda zan fara.

Munka kashe wuta daga cenjoba, munka tabbatar janareta a kashe yake an zare wayarsa, na gwada da mitar awo ta hannu na ga babu komai a layi sannan na sa hannu. Na cire guntun wayar da anka tsallake babbar bireka da ita. Munka sauke ƙananan duka, munka mai da wuta, na ɗaga babbar ta tsaya. Na ɗaga ta fitilu ta farko, lafiya. Ta biyu, lafiya. Ina ɗaga ta soket babbar ta faɗi nan take, alhali mun riga mun zare duk fulogin da ke gidan. To ba daga firiza ba ne ko wani kaya, daga layin ne da kansa.

Munka sake kashe wuta, na kwance layin soket daga akwatin, har da nutural ɗinsa, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, don ƙaramar bireka layif kawai take yankewa, wato wayar da ke kawo wuta, in ka bar nutural a ɗaure awo zai iya ruɗa ka. Na sa mega, na'urar da ke auna ko wuta na zurarewa daga waya, a bolt 500; in lambar ta yi ƙasa akwai zurara. Layukan fitilu sun ba da sama da megaom 100. Layin soket tsakanin layif da wayar ƙasa ya ba da 0.01, wato om 10,000, alhali mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne megaom 1.

Daga nan bin layin ne gaɓa gaɓa. Falo da ɗakuna sun fita tsaf. Da na raba reshen da ya tafi tsakar gida sai awon ya haye, na san can take. Soket ɗin injin ruwa irin na cikin ɗaki ne anka manna a bangon waje, ƙasan indararo kai tsaye. Da na kwance shi ruwa ne ya fara zubowa daga bayansa, sukurorin sun yi tsatsa, kuma zanzaro ya yi ɗakinsa na laka a cikin akwatin, lakar ta jiƙe sharkaf ta haɗe bakin layif da bakin wayar ƙasa. Na bi wayar ƙasa ta gidan har inda anka kafa ƙarfenta a bayan kicin, na tone kaɗan sai ga ta a tsinke, wurin ɗaurin ya cinye ya koma kore, da alama ta daɗe a haka.

Sai silin. Duk da damina ce zafin cikinsa ba a magana, kwano ne a sama. Inda anka jawo wutar shago babu akwatin haɗi, an fere wayar 2.5 ne anka murɗa wata a kai anka naɗe da salatif. Salatif ɗin ya narke ya koma kamar kwalta, robar wayar ta ƙone kusan taƙi ɗaya kowane gefe, tana marmashewa in ka taɓa, katakon da take kwance a kai ya yi baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Wayar da ta tafi shagon 1.5 ce irin ta fitila, kuma da na kankare ta da wuƙa jan ya tafi fari ya fito, alminiyom ce anka yi wa rufin tagulla. Na yanko guntunta da guntun katakon na sauko da su na ajiye gaban Hajiya, ta jima tana kallo tana salati.

Awo na ƙarshe, bayan na ware soket ɗin waje na ɗaura injin ta wata waya ta wucin gadi, na ce su kunna duk abin da sunka saba kunnawa da azumi na ɗan lokaci kaɗan ina tsaye. Kilam mita, wadda ake maƙala wa waya a auna amf ɗin da ke wucewa, ta nuna amf 27 a layin. Wutar da ke shigowa akwatin bolt 218 ce, a soket ɗin shago kuma 196.

## Gyara, kashi biyu

Hajiya ta ce gaskiya kuɗin ba za su fito lokaci guda ba, sai munka raba. A ranar munka yi abin da bai jira. Babbar bireka ta koma aikinta, na danna maɓallin gwajinta ta faɗi na ɗaga. Mai amf 32 ta fita, sabuwa mai amf 20 ta shiga. Munka yanke duk inda ya ƙone a silin munka haɗa cikin akwatin haɗi da kanekta mai sukuru, munka cire reshen shago da na injin gaba ɗaya. Munka kafa sababbin ƙarafan ƙasa biyu a wuri mai danshi kusa da magudana, da gawayi a ramin, da sabuwar waya da maɗauri mai ƙarfi. Firiza ɗaya anka shigo da ita falo na ɗan lokaci, ruwa kuma anka koma jan guga.

Farkon Agusta munka ƙarasa. Shago ya samu layinsa daga akwatin kai tsaye, waya 2.5 ta tagulla zalla cikin fayif, a kan bireka mai amf 16 nau'in C don ta jure fizgar da kwamfaresa ke yi lokacin tashi, kuma kowace firiza da soket ɗinta a bango, ekstenshan ya fita. Injin ruwa shi ma nashi layin daban da amf 16, da makunni mai murfi wanda ruwa bai shiga, an matsar da shi daga ƙasan indararo. Kicin munka ja masa waya 4 a kan amf 25, hitar zoɓo ta koma can. Akwatin ya yi kaɗan sai da anka sayi mai gurbi takwas, kuma anka yi masa 'yar rumfa ta kwano. Mega ta ba da sama da megaom 100 a kowane layi.

## Bayan gyara

Agusta ne ruwa ya fi yawa a Sakkwato, babbar bireka ba ta faɗi ba har damina ta wuce. Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, Hajiya ta yi sana'arta da kayan nan dai, babu layin da ya faɗi don nauyi. Ta kicin ta taɓa faɗuwa nan take da anka ɗaura butar lantarki, ɗanta ya duba ya ga igiyar butar ce ta ƙwarzane wayoyin sunka haɗu, ya canza igiya shi ke nan.

## Abin da na fahimta

Matsala biyu ce daban anka ɗauka ɗaya, kuma a duka biyun birekar lafiyarta ƙalau. Ƙaramar bireka hanya biyu take faɗuwa. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinta da ke lanƙwasa in ya yi zafi, shi ke kama nauyin da ya wuce kima kuma a hankali yake aiki, akwai kuma maganaɗisu da ke yankewa nan take in wayoyi sun haɗu. Faɗuwar azumi ta farkon ce, shi ya sa take ɗaukar mintoci, shi ya sa kuma in an ɗaga ta da zafinta take saurin komawa. Lissafin ba wuya, wat ake rabawa da bolt 230. Buta mai wat 2000 kusan amf 9 ce, hita mai 1500 amf 6 da rabi, injin ruwa wajen 5, ka ƙara firiza biyu da firji da bilenda ga 27 ɗinka a kan bireka mai 20. Kuma lambar da ke jikin irin waɗannan birekoki a zafin digiri 30 anka auna ta, wadda ke cikin akwatin ƙarfe a bangon yamma da la'asar ɗin Maris ba za ta ɗauki 20 ɗin ba ma. Da sahur ga sanyi ga ƙarancin kaya, sai ta zauna.

Sitabilaiza ba za ta taɓa magance wannan ba, don in wuta ta yi ƙasa ƙarin amf take ja daga layi ta ɗaga bolt ɗin, nauyi ta ƙara.

Canjin da anka yi zuwa amf 32 shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk lamarin. Bireka waya take karewa, da kaurin waya ake zaɓen ta. Waya 2.5 cikin fayif amf 20 zuwa 24 take ɗauka, 1.5 wajen 15, a silin mai zafi ƙasa da haka, ita ko alminiyom ba ta iya ɗaukar abin da tagulla mai irin kaurinta ke ɗauka. Reshen shago na ɗauke da firiza biyu da hita ta cikin murɗaɗɗen haɗi, kuma sako-sakon haɗi shi kansa wurin zafi ne, bolt 22 ɗin nan da sunka ɓace tsakanin akwati da shago zafi sunka koma a waya da mahaɗa. Kamar a rufe bakin jinjiri mai kuka ne ba a duba abin da ya cije shi ba. Soket ɗin da ya ƙone a goman ƙarshe dama ce ta biyu, da wanda ya canza shi ya tambayi dalilin ƙonewar ya leƙa silin da tun Afrilu an gano. Ina ganin ragin cinikin bayan sallah ne kawai ya hana katakon nan kamawa.

Babbar kuma ba nauyi take aunawa ba, wutar da ta fita ta layif take kwatantawa da wadda ta dawo ta nutural, in sun bambanta to wani abu na zurarewa. Om 10,000 a bolt 230 miliamf 23 ne, ita kuma mai 30 tana iya faɗuwa tun daga 15. Lakar zanzaro in ta bushe shiru, in ta jiƙe ta wuce da wuta, ga dalilin da ya sa take bin ruwan sama. Da yake ƙarfen ƙasa ya tsinke, wutar da ta zurara cikin wayar ƙasa sai ta bazu jikin duk wani kayan ƙarfe mai fulogi ƙafa uku, har da firizar shago. Babbar bireka ce kaɗai ta rage tsakanin wannan da jikin mutum, ita ce anka tsallake. Maƙwabcin ba mugunta ya yi ba, abin da ya gani ana yi ya faɗa, amma na je har gidansa na roƙe shi ya mai da tasa.

Abin da ya yi aiki bai wuce tambaya da awo da raba nauyi ba. Tasta wuta kawai take nuna akwai, ba ta gaya maka amf nawa ke tafiya ko ina ke zurara, don haka mai gida na da haƙƙin ya tambayi mai gyara me ya auna kafin ya canza bireka, ya kuma nemi wanda ke da shaidar hukumar NEMSA mai sa ido kan ingancin aikin lantarki in aikin wayarin ne babba. Wajen sayen waya a kankare bakinta a gani tun a shago.

Akwai abin da ya rage a gidan. Layukan fitilu sun ci awo amma haɗinsu a silin duk na murɗi da salatif ne, mun yi da ɗan Hajiya za a mai da su cikin akwatunan haɗi in hali ya samu. Ƙarfen ƙasa kuma da damina munka kafa shi, ƙasar Sakkwato in ta bushe da bazara ba ta karɓar wuta kamar da, don haka na ce su riƙa zuba ruwa a wurin, su kuma riƙa danna maɓallin gwajin babbar bireka duk bayan wata uku su ga ta faɗi.